Mawaƙin Jamaika Da Almajirin Da Na Kora

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, na san wasunku za su yi mamakin ganin sunan mawaƙi a wannan fili. Ku yi mini uzuri. Ran 24 ga Nuwamba, 2025, Jimmy Cliff, mawaƙin nan na tsibirin Jamaika, ya mutu yana da shekara 81, labarin mutuwarsa kuwa ya tono mini wani laifi da na yi kusan shekara talatin ke nan.

Sa'ad da na komo daga karatu a ƙasashen Larabawa, na buɗe makaranta a zauren gidanmu. Cikin almajiraina akwai wani saurayi maraya, mai zaƙin murya, wanda in yana tilawa har masu wucewa su kan tsaya. Wata rana na iske kaset cikin gafakarsa. Na tambaye shi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na Jimmy Cliff ne, ai shi ma Musulmi ne." Ban tsaya jin sauran magana ba. Na taka kaset ɗin a gaban 'yan'uwansa, na ce kada in sake ganin ƙafarsa. Ya kuwa bi umarnina.

Sai daga baya na bi diddigin mutumin da na yanke wa hukunci ban san shi ba. An haife shi a 1944 a ƙauye, sunansa na yanka James Chambers, ubansa tela ne, gidansu Kirista. Yana yaro ya shiga Kingston, babban birnin ƙasar, neman abin kai. A 1962, shekarar da Jamaika ta sami mulkin kai daga Ingila, waƙarsa ta fara karɓuwa. Ya ƙaura Ingila, ya ɗanɗana baƙunci da wariyar fata, daga nan ne kuma waƙoƙinsa na haƙuri da naci suka fito. Sa'an nan a 1972 ya fito a majigin The Harder They Come, inda ya zama ɗan ƙauyen da ya shigo birni, mai buga faifai ya saye waƙarsa dala 20 kacal, baƙin ciki ya tura shi fataucin wiwi da ɗaukar bindiga, har aka harbe shi. 'Yan kasuwa, ku lura da wannan wuri: tauye hakkin yaro a ciniki shi ne mafarin lalacewarsa. Amma ba zan ɓoye ba, samari da yawa ba su ga wannan darasi ba, jarumtar ɗan bindiga kawai suka gani. A 1974 ya zo Nijeriya. Cikin shekarun nan ne kuma ya karɓi Musulunci, watau yaron nan bai yi mini ƙarya ba.

To, mene ne hukunci? Ni Bamalike ne, ban kuwa sauka daga abin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta karantar da mu ba, na hana sauraron kayan kiɗa da waƙe-waƙen shagala da gangan. Sai dai na san, tun a wancan lokaci ma na sani, cewa Imamul Gazali cikin Ihya'u ya rataya hukuncin a kan abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai saurare, Ibn Hazmin kuwa ya halatta. Mas'ala ce ta saɓani, na ɗauke ta kamar ridda. Na kuma manta da cewa Shehu Usmanu da ɗiyarsa Nana Asma'u da waƙa suka kai fiƙihu da tauhidi ga makiyaya da matan ƙauye, domin sun san kunne ya fi saurin buɗewa ga abin da aka rera.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen Jimmy Cliff. A hirarrakinsa na shekarun baya ya bayyana cewa ba ya jingina kansa ga wani addini kuma. Al'amarinsa yana hannun Allah, ba ni da ta cewa. Amma na kan tambayi kaina, mutumin da ya ƙetare teku yana neman gaskiya, ya shigo gidanmu da ƙafarsa, wane irin malami ya tarar a zaure? In irina ne na wancan zamani, to, ban yi mamakin fitarsa ba.

Shekara biyu da suka wuce na gamu da almajirin nan nawa a tashar mota, ya zama ɗan kamasho, furfura ta fara fito masa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Me ka ke ji ne a wajen mutumin nan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, lokacin ba ni da kowa. Shi yana ce mini kada in fid da rai. Ku kuwa ban taɓa jin kun ambaci komai ba sai wuta." Na nemi gafararsa a nan cikin jama'a, ya ce ya yafe tun tuni. Na tambaye shi karatu, ya ce a izu goma sha biyun da na bar shi ya tsaya.

Ran Asabar da ta wuce ya kawo mini ɗansa, da sabon allo a hannu. Yaron ya shigo ya zauna. Uban kuwa ya tsaya a bakin zaure, na yi, na yi, ya ce motoci suna jiransa.