Malaman Kasuwa Marasa Rumfa

Mu ba mu da yawa, kuma kusan duk mun san juna. Mun taso a ƙauyukan arewacin Kano, ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, inda da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ci karo da dangar gidan wani ba. Muka yi boko, Allah ya yi abincinmu yana aji, muka ƙare a jami'o'i da kwalejoji muna koyar da darasin da ake kira ilimin ƙirƙirar sana'a da dogaro da kai. Da wannan aiki muka yi aure, da shi muke biyan kuɗin makarantar yara, da shi muke aika kuɗin taki gida idan damina ta kawo kai.

Sai dai aiki ne mai wuyar bayani a gida. Likita kowa ya san abin da yake yi, haka lauya, haka malamin lissafi. Mu kuwa kusan kowannenmu yana da wani kawu da ya shekara arba'in yana saye da sayar da awaki a kasuwar Ɗambatta, wanda ya taɓa dubansa bayan an gaisa ya ce, "Wai Malam, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane kasuwanci, ina taka rumfar?" Ba da gatse yake tambaya ba. A saninsa, wanda bai taɓa kwana da asara a cikinsa ba bai isa ya koya wa wani neman riba ba. Mukan yi murmushi mu ce, "Kawu, ai namu na takarda ne." Amma tambayar takan biyo mu har cikin mota a hanyar komawa birni.

Akwai amsa ta doka. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma, kuma malaman makarantun gwamnati suna cikin waɗanda abin ya shafa. Wato an ɗauke mu mu koyar da abin da aka ce kada mu yi. Wannan amsar gaskiya ce, amma ba ta gamsar da Kawu, mu ma ba ta gamsar da mu. Dole mu san abin da muke ƙara wa ɗan da aka haifa a ƙasar da ta yi suna da fatauci tun kafin zuwan Turawa.

Shi dai darasin namu sabon shiga ne. A Amurka ma sai a 1947 aka fara koyar da shi a Jami'ar Harvard. A Najeriya kuwa a 2006 ne gwamnatin tarayya ta ba da umarni, ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, cewa daga zangon karatu na 2007/2008 kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko tarihi, sai ya ɗauki darasin sana'a kafin ya fita. Dalilin a fili yake: masu digiri sun yi yawa, kujerun ofis sun yi kaɗan. Nan da nan aka shiga neman malamai, aka ɗebo su daga sashen kasuwanci da tattalin arziki da akanta da aikin gona. Aka buɗe cibiyoyi ana koyar da ɗinki da haɗa sabulu da kiwon kaji. Daga baya abin ya zama fanni mai zaman kansa, ana digiri a kansa har zuwa na uku. A Jami'ar Bayero akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, wadda aka buɗe gininta a 2018. A kusa da gida kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, inda 'ya'yan manoma da yawa ke fara sanin aji na gaba da sakandare.

Wanda ya shigo wannan aiki zai tarar da tsani mai tsawo. Yana farawa daga mataimakin malami, ya yi digiri na biyu da na uku, sau da yawa da tallafin asusun TETFund, ya bi matakai har babban malami, sannan mataimakin farfesa, sannan farfesa. Tsakanin mataki da mataki akan yi shekara uku a ƙalla, kuma shekarun kaɗai ba sa ɗaga mutum. Sai ya nuna maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, a ƙirga su, a ba su maki. Daga nan gargadar take. Mai gaggawar hawa ba ya buƙatar shiga kasuwa. Ya isa ya raba wa ɗalibai ɗari uku takardar tambayoyi, ko suna da niyyar kafa sana'a bayan sun gama, ya zuba amsoshin a kwamfuta, ta fitar masa da alƙaluma, ya rubuta da Turanci, a buga. Irin wannan maƙala tana kawo ƙarin girma, amma ba ta taɓa sa an ƙara mudu ɗaya a rumbun kowa ba.

Alhali kuwa ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Ƙasar da muka taso a cikinta ita kanta makarantar sana'a ce. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, kowane rabon gado yana ƙara yanka su. Ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da takin dabbobin da aka ɗaure a gida, a bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyarta, a haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Tun da damina wata huɗu ce ko biyar, abin da aka noma kuma ba ya kai gida wata kaka, kowane magidanci yana da sana'ar rani: wannan dillali, wancan mahauci, wani maƙeri, wani ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ya dawo da ruwan fari. Mu ba mu taɓa sanin manomin da noma kaɗai yake yi ba.

Waɗanda suka fara rubuta wannan a takarda baƙi ne. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, tun a shekarun 1960 ya yi ta auna gonakin kewayen Kano, ya nuna yadda jakai ke kai itace birni su dawo da taki, da yadda ƙasa mai cunkoson jama'a ta ci gaba da ba da amfani maimakon ta mutu kamar yadda wasu masana suka yi hasashe. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta rubuta a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai taɓa gani ba. Tarihin gyaɗa ma darasi ne. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suke sa rai, amma manoma da fatake suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya mata. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, yana cikin waɗanda suka gane haka da wuri. Babu ɗayansu da ya zauna a ajin irin namu.

Idan muka karanta waɗannan littattafai, iyayenmu mata muke gani. Inna da ke soya gyaɗa tun da asuba, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta soya ƙuli-ƙuli, ta ɗora wa yarinya talla. Ba ta riƙe biro, amma ta san ko nawa man zai mayar mata na uwar kuɗi, ta san abin da ƙulin zai bar mata. Tana zubin adashi, in ta kwasa ta sayi tunkiya ta ba da kiwo, in tunkiyar ta haihu a raba. Tunkiyar nan ita ce asusunta na ranar rashin lafiya da ranar kayan ɗakin 'yarta. A 2001 wata malama 'yar asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, Saras Sarasvathy, ta yi suna da binciken da ya nuna cewa ƙwararrun masu kafa kamfani ba sa farawa da dogon tsari a takarda. Suna duba abin da suka iya da mutanen da suka sani, su zuba abin da za su iya jure asararsa, su gyara tafiya a hanya. Yau ana koyar da wannan a manyan makarantun kasuwanci na duniya. Mu da muka karanta, sai muka ga ai tsakar gidanmu aka kwatanta.

To, in haka ne, ina amfaninmu? Mun daɗe muna juya wannan, kuma ga inda muka tsaya. Akwai abubuwan da kasuwa ba ta koya wa mutum sai bayan ta kayar da shi, akwai kuma waɗanda ba a hango su daga cikin rumfa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ɗan kasuwar da ya zuba maganin don kada wake ya yi ƙwari a sito bai san ya rufe wa dubban manoma ƙofa ba. Riɗi da zoɓo da ake lodi a kasuwar Dawanau suna tafiya har Asiya da Meziko, amma wanda ya noma su a bayan Kunchi bai san farashin da ake saye a can ba, bai san cewa tsakuwa da danshi ne ke karya masa daraja ba. Mai man gyaɗa tana iya shekara ashirin tana sana'a ba ta wuce unguwarsu ba, don babu wanda ya nuna mata hanyar rajistar sunan sana'a da samun lambar NAFDAC da za ta shigar da kwalbarta kanti. Ga kuma tsohon ciwo: aljihu ɗaya ne na cefane da na jari, sai uwar kuɗi ta narke ba a san ranar da ta tafi ba. A nan ɗan Kawu yake buƙatarmu, ko da Kawu bai buƙace mu ba.

Bincike ma yana nan jibge yana jiran mai ɗauka. Me ya sa dukiyar attajiri ke watsewa da zarar an raba gado, kuma yaya gidajen da suka tsira suka yi? Yaya ubangida a Kantin Kwari ko Dawanau ke rainon yaro har ya sallame shi da jari, kuma nawa ne daga cikin waɗanda aka sallama ke tsayawa da ƙafarsu? Yaya ake ba da kayan miliyoyi a kan amana ba takarda, kuma me ake yi idan amanar ta karye? A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, mun ga yadda kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, masu awaki suna karyar da su don samun tsaba, masu POS suka zama sarakai. Wa ya bi diddigin yadda mata masu sana'ar gida suka tsallake waɗannan watanni? Irin wannan bincike yana cin takalmi da kuɗin mota, yana buƙatar zama a kan buhu ana shan ƙura har mai kaya ya saki jiki. Ba ya fitar da maƙala cikin mako biyu. Amma mu ne muka fi kowa dacewa da shi, don ba ma buƙatar tafinta, kuma in muka yi sallama a ƙofar gida an san ɗan wane ne.

Ba za mu ɓoye wa ƙannenmu wahalar aikin ba, don suna yawan tambaya ko su shigo. Albashin ba ya tafiya da tsadar rayuwa. Aji ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwan ɗalibai, da yawansu makin cin jarrabawa kawai suke nema. A yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas albashi bai shigo ba. Gonar gado ce ta rufa wa da yawanmu asiri a lokacin, ita da buhunan da aka saya da kaka aka ajiye. Wasu abokan aikinmu sun tafi bankuna da ƙungiyoyin agaji, wasu sun ƙetare zuwa ƙasashen Larabawa da Malesiya, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ga wanda ya ji duk wannan ya ce har yanzu yana so, abin da muke ce masa kaɗan ne. Ya riƙe gonarsa, don ita ce sana'ar da doka ta bar masa, kuma ita za ta koya masa ɗacin asara. Ya zaɓi kasuwa ɗaya ko sana'a ɗaya ya lazimce ta shekaru, har ya san ta kamar yadda likita ya san asibitinsa. Ya riƙa gayyato dillalai da masu sito da mata masu sana'a cikin ajinsa, ya ba su kujerar malami, su yi bayani da Hausa, ɗalibai su yi tambaya. In ya wallafa da Turanci don ƙarin girma, ya sake faɗin abin da ya gano da Hausa, a rediyo ko a saƙon murya na WhatsApp, don ya koma wurin waɗanda aka samo shi daga bakinsu.

Yawancin ɗaliban da ke gabanmu yau daga irin gidajenmu suka fito. Gonar da kakansu ya noma shi kaɗai, yanzu ta mutum goma sha ce, kuma takardar da za mu ba su ba ta da tabbacin kujera a ofis. Nan da shekara biyu ko uku da yawansu za su koma Bichi da Makoɗa da kwalin digiri da wayar hannu da ɗan abin da uwa ta tara a adashi. Abin da za su iya yi da waɗannan ukun, wani ɓangarensa yana wuyanmu.