Gigin tsufa ko bashin hawan jini?

Duk wanda ya san Kasuwar Kurmi ya san jarin ɗan kasuwa na farko kansa ne. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa ta a ƙarni na 15, yawancin cinikinta a ka ake riƙe shi: wane ya ɗauki fata goma sai bayan salla, wane ya bar ajiya, wane kuma ɗan wane ne, ba a hana shi bashi. To yau a ratsa layin dukawa ko na 'yan turare a duba. Za a ga dattijon da a da ba ya kuskuren kwabo yana juya canji a tafin hannu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, yaron shago yana satar kallonsa. Sai a ce gigin tsufa ne, wasu su rage murya su ce maƙwabcin rumfa ne ya yi masa jifa. Ni kuwa a ganina da yawansu bashin hawan jini suke biya, bashin da muka ci muna 'yan arba'in da hamsin, lokacin da ba mai yarda a ɗaura masa abin awo a dantse sai ya faɗi.

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, jijiyoyin da ke kai mata shi kuwa wasu sun fi gashi siriri. Idan jini ya shekara goma ko ashirin yana bugunsu da ƙarfi, daga 140 bisa 90 zuwa sama, sai su yi kauri, su tsuke, wasu su toshe. Babbar toshewa kowa ya san ta, ita ce shanyewar ɓarin jiki. Ƙananan su ne muka jahilta, don ba sa kayar da mutum, gutsurar hankalinsa suke yi kaɗan-kaɗan. Saurin lissafi ya fara tafiya, sannan tsara al'amura, har a kai ga rikita raka'a. A 1995 masu bincike a Hawayi suka nuna cewa mazan da jininsu ya hau a tsakiyar shekarunsu sun fi samun raunin tunani da suka tsufa. Kada a ce wannan ciwon mutanen waje ne, domin binciken da aka daɗe ana yi kan tsofaffin Ibadan shi ma ya gano alaƙar hawan jini da gigin tsufa.

Wani zai ce tsufa ƙaddara ne, wanda ya daɗe dole ya rikice. Tsufa kam ƙaddara ne, kuma akwai gigin da bai da haɗi da jini. Amma a 2019 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum sama da 9,000: waɗanda aka dage aka saukar musu da jini sosai, raunin tunani ya ragu a cikinsu da kusan kashi 19 cikin 100. A 2025 kuma aka ga makamancin haka a ƙauyukan Sin, kan mutum kusan 34,000, inda ma'aikatan lafiyar ƙauye suka kula da awo da magani, gigin tsufa ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Abin da magani ke ragewa, barinsa ba tawakkali ba ne.

Wani kuma ya ce maganin asibiti in ka fara ba ka dainawa, ga tsada. Tsadar gaskiya ce, ba na musu. Amma wannan tsoron shi ke tura jama'a wurin masu lasifika da ke alkawarin raba mutum da hawan jini cikin mako ɗaya, sai ya jefar da ƙwayarsa ya koma jarka. Wannan wautar ta fi komai ƙona mini rai. Ga miyar da aka danƙara wa gishiri da dunƙule da kanwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Ga haɗin maganin gajiya da ake saya a kemis kowane dare, wanda wasu ƙwayoyin cikinsa su ma jini suke ɗagawa. Mu da muka ɓarar da namu lokacin muna da uzurin rashin sani. Na yanzu ba su da shi, na'urar awo tana kusan kowane kemis, Asibitin Murtala kuwa daga Kurmi da ƙafa ma ana zuwa.

Duk da haka ba na goyon bayan 'ya'yan da ke ɗirka wa tsoho ɗan tamanin magani ba awo don sun ji an ce jini ne. Tsohon da aka saukar wa jini fiye da kima jiri yake gani in ya miƙe daga buzu, ya faɗi ya karye, wannan kuwa likita ne ke daidaita shi. Abin da ya riga ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, shi ya sa hankalina ya fi karkata kan ɗan da ya karɓi makullin rumfa daga hannun mahaifinsa. Shekararsa arba'in da biyar, yini yake a zaune, ya fara teɓa, yana ba abokan ciniki labarin yadda Baba ya rikice, shi kuwa bai taɓa miƙa dantsensa an auna ba.