Asuwakin Manya da Bakin Yara

Mu 'yan ƙasar Tambuwal da Kebbe da ke cikin wannan makaranta mun roƙi a ba mu ɗan fili cikin mujallar nan, domin mu ba 'yan'uwanmu da malamanmu labarin wani kuskure da muka yi, ko Allah ya sa wani ya kuɓuta daga irinsa.

Tun muna ƙanana muka tarar asuwaki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. In gari ya waye, ko a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko can kudu wajen Kebbe da Kuchi, sai ka ga kowane dattijo tsugune a ƙofar gida, buta a gaba, icce a baki. Wani marke ya ke so, wani ƙirya, wani kuwa dogonyaro, ko da ya ke shi dogonyaro baƙo ne, gama a Barno aka fara dasa shi a ƙasar nan cikin 1928. Wanda ya sauke farali kuwa ya kan komo da ɗaurin asuwakin Makka, ya raba wa maƙwabta tsaraba. Har wa yau, da muka kai Ahalari a makarantar zaure, malam ya biya mana asuwaki cikin mustahabban alwala. Saboda haka muka girma muna tsammani in dai zancen tsabtar baki ne, ba mai koya mana kome.

Abin da ba mu lura ba shi ne, duk asuwakin nan na manya ne. Yaro kuwa ba mai ce masa ya buɗe baki a gani. In ya ci tuwon dare ya suɗe hannu ya ɓingire, shi ke nan sai da safe. Mu kanmu iyakar abin da muka sani game da haƙoranmu shi ne, in mun yi famfara mu riƙa rufe baki, wai in ƙadangare ya ga giɓin haƙori ba shi tsirowa.

To, da lokacin gwajin koyarwa ya zo, sai aka haɗa mu mu huɗu aka kai mu makarantar wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Kowace safiya mu kan jera yara mu duba su yadda aka hore mu, mu duba ƙumba, da kai, da riga, da ƙafa. Mai doguwar ƙumba a yanke masa, mai dauɗar riga a yi masa faɗa, mu kuwa muna ganin mun cika aiki. Akwai wata yarinya 'yar aji uku wadda kullum ta kan zo da ƙanenta, ɗan shekara huɗu, domin uwarsu tana fita sussuka. Yaron nan ramamme ne, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Sai yara suka shiga matsawa daga kusa da shi, suna cewa bakinsa yana wari. Mu kuwa malaman gobe, iyakar dabararmu ita ce muka ce yarinya ta riƙa zaunar da shi waje, gindin icce. Kwana uku ana haka.

Ran na huɗu wani malamin asibiti ya zo makarantar domin zancen rigakafi. Da ya ga yaron zaune shi kaɗai yana dalalar da miyau, sai ya durƙusa gabansa, ya ce, "Samari, buɗe baki in gani." Sa'an nan ya yafato mu. Muka leƙa, muka ga dasashi ya kumbura, ya yi ja wur, yana tsattsafo da jini, ga kuma wani ɗan gyambo a gindin haƙora. Ya ce, "Malamai, kwana nawa ke nan kuna jin warin nan?" Muka ce uku. Ya ce, "Da kun ƙara mako guda, da sai dai Sakkwato, in an isa da rai." Wallahi ba wanda ya iya ɗaga kai cikinmu.

A bakinsa muka fara jin bayanin cutar da likitoci ke kira Noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma ba abin da ya gama su. Mutanenmu su kan ce zaizayar baki, waɗansu kuwa ciwon iska, domin zatonsu aikin iskoki ne. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda tamowa ta raunana, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, bakinsa kuwa ba a wankewa. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga dasashi ta kan soma, kwana kaɗan kumatu ya kumbura, sa'an nan nama ya mutu ya zube, har ta ci leɓe da hanci da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin goma da suka kamu, tara su kan rasu in ba a yi magani ba. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka korar da muka yi wa yaron nan ba wanda ta tsare.

Cutar nan kuwa ba nesa ta ke da mu ba. Domin yawanta ne aka kafa asibitin yara na musamman saboda ita a Sakkwato cikin 1999, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka fara sa hannu a aikinsa cikin 2014. Can a ke yi wa waɗanda suka tsira aikin gyaran fuska, wani sai an yi masa sau da yawa kafin ya iya buɗe baki ya ci abinci. Nijeriya ce ta shige gaba wajen kai ƙara, har ran 15 ga Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Noma cikin jerin cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Shi yaronmu Allah ya yi da sauran kwanansa. Ran nan aka kira ubansa daga gona, ya goya shi a babur zuwa asibiti. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ce a riƙa wanke masa baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, a kuma ƙara masa ƙwai da wake da nono. Kafin mu baro ƙauyen mun gan shi yana tauna gyaɗa.

Da muka komo makaranta sai muka bi littattafan kiwon lafiya, muka iske ashe mu ma da ke taƙama da asuwaki da sauranmu. Dauɗar nan mai santsi da ke kwanciya a gindin haƙora ba guntun abinci kaɗai ba ce, taron ƙwayoyin cuta ne. In sun sami zaƙi, ko na alewa, ko na lemon kwalba, ko na shayi mai sukari, sai su fid da tsami, tsamin nan kuwa shi ke cin haƙori har ya yi kogo. Ba wata tsutsa a ciki, yadda mu ke ji a kasuwa. In an bar dauɗar ta daɗe sai ta daskare kamar dutse, ta sa dasashi jini, daga baya haƙori ya yi girgiɗi ya fita.

Maganin abin ba shi da tsada. A goge baki sau biyu a yini, da safe da kuma kafin barci, na dare kuwa shi ya fi, domin miyau ya kan ragu in mutum ya kwanta. Mai buroshi ya sami man goge baki mai sinadarin fuloraid, ya yi minti 2 yana gogawa, ya tofar, ya sake buroshi bayan wata 3. Mai asuwaki ya tauna bakinsa har ya yi laushi, ya bi haƙora ɗaya ɗaya, ciki da waje, har turamen can ƙurya, kada ya tsaya ga na gaba da mutane ke gani. Gobe kuma ya datse wanda ya yi aiki da shi ya tauna sabo. Gawayi da toka da yashi suna sa fari, amma kankare haƙori su ke yi. Wanda ya ci goro ya kurkure baki. Allura da tsinken tsintsiya ba abin sakace ba ne, su kan huda dasashi.

Jariri kuwa, tun ran da haƙorinsa na fari ya ɓullo, wajen wata 6, uwa ta riƙa share masa da tsumma mai tsabta. In ya tasa a sa masa man kamar ƙwayar shinkafa, babba ya riƙe masa hannu har ya kai shekara 7. Kada a ce ai haƙoran nono 20 ne masu zubewa. Turmin farko na dindindin yana fitowa tun yaro na shekara 6, yana cikin 32 da zai tsufa da su.

To, 'yan'uwa, gobe kowanenmu za a ba shi aji, wani a birni, wani a ƙauyen da asibiti ke nesa. Roƙonmu shi ne, in kun jera yara da safe kun duba ƙumba, ku ce su buɗe baki, ku tambaye su kuma labarin ƙannensu na gida. In kun ga dasashi na jini, ko wari ya yi yawa, ko kumatu ya kumbura, kada ku bari a kwana, ku aika a kira uban yaro a tafi asibiti ran nan. Mu dai mun yi kwana uku muna toshe hanci, Allah ya rufa mana asiri. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan mutane, amin.