Faifan Jim Reeves Da Aka Samu A Adaka

Ran da aka zauna rabon gadon wani tsohon akawun reluwe a Zariya, an yi wa gida kuɗi, an yi wa keke da riguna, sai aka iske wani faifan garmaho a ƙasan adaka, an naɗe shi cikin tsohon rawani. Malamin da ke rabon ya jujjuya shi, ya ce, "To, wannan kuma nawa za mu yi masa?" Aka yi dariya. Babban ɗan mamacin kuwa bai yi ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, a sa mini shi cikin kasona."

Sunan faifan "The Best of Jim Reeves", watau zaɓaɓɓun waƙoƙin mawaƙin nan na Amurka, guda 12, waɗanda kamfanin RCA Victor ya tattara ya fitar cikin 1964. Shi Jim Reeves mutumin jihar Texas ne, an haife shi cikin 1923, kuma waƙarsa irin ta mutanen karkarar ƙasarsu ce, sai dai ya rage ƙarar goge, ya matso da bakinsa kusa da abin magana, yana rerawa a hankali kamar mai yi wa mutum ɗaya raɗa. Wannan taushin murya shi ya kai shi gidajen ma'aikata a Nijeriya da Indiya da Afirka ta Kudu, inda ya je da kansa cikin 1962. Ran 31 ga Yuli, 1964, ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi cikin hadari kusa da birnin Nashville, ya rasu yana da shekara 40. Saboda haka faifan da aka shirya don ciniki sai ya zama kamar wasiyya.

Akawun nan ba mai yawan magana ba ne, 'ya'yansa ma tsoronsa suke ji. Amma kowace Lahadi da la'asar yakan goge faifan da hannun riga, ya ɗora allura, ya kishingiɗa. Waƙar da ya fi so ita ce "He'll Have to Go", labarin wani da ke roƙon mace ta wayar tarho ta sallami wanda ke zaune wurinta. Me ya haɗa dattijo mai mata biyu da irin wannan ƙorafi? Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi kuma bai taɓa faɗa ba. Yaron dai yakan laɓe a bakin ƙofa, don a nan kaɗai yake ganin fuskar ubansa ta saki.

Yanzu ɗan ya yi furfura, garmahon ta daɗe da mutuwa, masu gyaranta a Sabon Gari kuma sun yi wuyar samu. Jikarsa ta sa masa waƙoƙin nan duka a waya, tas da su, ba ko ƙura. Ya yi godiya, amma abu ɗaya ya hana shi sakewa. A faifan ubansa akwai wani karce cikin "Four Walls", inda allura kan maƙale tana maimaita kalma guda, sai tsohon ya miƙa hannu ya taɓa ta. A waya waƙar takan wuce wurin nan sumul, shi kuwa har yau in ta iso nan sai ya ga hannunsa ya ɗaga.