Ba a fafe gora ranar tafiya

Akwai wata sana'a da ta shigo hannun matasanmu ba tare da iyaye da yawa sun lura ba. Yaro zai zana riga a cikin wayarsa, ya rubuta "Barka da Sallah" ko sunan ƙungiyar ƙwallon unguwa, ya ɗora hoton a WhatsApp ko Facebook. Sai wani ya ce yana so, ya ba da kafin alƙalami, sannan a buga rubutun a jikin rigar. A ƙasashen Turai da Amurka haka ake yi a kasuwannin intanet irin su Etsy da Redbubble: ba a buga kaya sai an saya. A nan Matameye ina ganin tsoffin ɗalibaina suna gwada ta da ɗan jarin da bai wuce jaka ashirin ko talatin ba. Zanensu yana da kyau. Inda suke faɗuwa shi ne lissafin lokaci.

Masu wannan sana'a a Amurka sukan sa kayan Kirsimeti a kasuwa tun watan Satumba ko Oktoba. Dalilinsu a fili yake. Sabon kaya yana ɗaukar makonni kafin ya riƙa fitowa a gaban mai nema, ga kwanakin bugu, ga na aikawa. A Etsy kowane kaya da aka ɗora yana zama wata 4 kafin a sabunta shi, don haka wanda ya ɗora a Satumba zai kai ƙarshen shekara. Amma su ranarsu ba ta motsi, 25 ga Disamba ce kullum. Mu kalanda uku muke ja a lokaci guda.

Ta farko ita ce ta wata. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Afrilu a 2023, amma a 2025 ƙarshen Maris aka yi ta. Wanda ya ce "bara a Afrilu na fara talla" ya riga ya makara. Ta biyu ita ce ta gwamnati da makaranta: komawa aji a farkon Oktoba, 18 ga Disamba, 3 ga Agusta, da 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin 1991, wadda mata ke yi wa anko. Ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi a ƙasar Kantche, ita ce ta gona. Kuɗi yana shiga hannun talaka da kaka, idan an cire gyaɗa, an roro wake, gero ya shiga rumbu. Rigar da za a yi rububinta a Nuwamba, a Agusta ba mai waiwayarta, domin kuɗin gida ya tafi ga hatsi.

Wani yaro da na koyar ya nuna mini abin da ya same shi. Ya ɗora zanensa saura kwana shida Sallah. Mutum fiye da ashirin suka ba shi kuɗi. Fararen rigunan da zai buga a kai sai daga Kano, mai kawo su ya yi jinkiri, ranar da suka iso kuma aka ɗauke wuta, injin bai yi zafi ba. Ya gama aiki kashegarin Sallah. Wasu suka karɓa da tsaki, wasu suka ce a mayar musu da kuɗinsu. Rigar da aka rubuta wa shekarar Sallah ba ta jiran baɗi. Jarin na mahaifiyarsa ne, daga kuɗin adashe.

Muka zauna da shi muka yi lissafi da baya-baya, kamar yadda ake yi a allo. Mai saye yana so rigarsa ta shiga hannunsa mako guda kafin Idi: kwana 7. Bugu, tare da sararin ɗauke wuta: kwana 5. Sayo riguna daga Kantin Kwari, su biyo ta Daura da Kongolam su tsallako Ɗan Barto: kwana 7. Karɓar sunaye da kuɗi: kwana 14. Nuna zane don ido ya saba da shi, mutane su tambayi farashi: wasu kwana 14. An tashi da 47. Idan aka cire kwanakin azumi, sai a ga tallar Ƙaramar Sallah tana farawa ne a tsakiyar Sha'aban. Telolinmu sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa idan azumi ya raba suke cewa sun rufe karɓar ɗinki.

Dole kuma a bar sarari saboda iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Mai hankali yakan san wani dillali a kasuwar Dole ta Damagaram, ko da farashin ya ɗan ɗara.

Abin da nake roƙon abokan aikina malamai kaɗan ne. Muna koyar da tarawa da ɗebewa da misalin mangwaro da ƙwai. Mu ƙara da kalanda. A ba ɗan aji ranar Babbar Sallah, a ce ya ƙirga da baya ya faɗi ranar da ya kamata mai sayar da riga ya fara talla. A liƙa kalandar Hijira kusa da ta bature a bango, yara su ga yadda ɗaya ke tsere wa ɗaya.

Ku kuma iyaye, idan ɗanku ko ƴarku ta zo neman jari, kada tambayar ta tsaya ga "nawa kake so?" Ku tambaya: don wace rana ce, yaushe za a rufe karɓar kuɗi, idan kaya suka makara me za a gaya wa mutane? Wanda ya amsa waɗannan uku da ranaku a rubuce, a ba shi. Wanda ya ce "ai akwai sauran lokaci", a ajiye kuɗin, a miƙa masa kalanda ya nufi Sallah ta gaba.