Kwat Mai Maɓalli Jere Biyu

Kwat iri biyu ce, ko da yake da yawa daga cikinmu duk ɗaya muke ɗaukarsu. Akwai mai maɓalli jere ɗaya, wadda malamai da ma'aikatan banki suka fi sawa. Akwai kuma mai jere biyu, wadda gabanta na hagu yake haurawa ya rufe na dama sosai. A kan ta biyun nake so in yi magana, domin ita ce mai ba mutum kwarjini in ta zauna masa, in kuwa ba ta zauna ba sai ka ce ɗan akuya a cikin buhu.

Asalinta rigar matuƙa jirgin ruwa ce a ƙasar Turawa. Ninki biyun nan na ƙirji shi yake tare musu iskar teku. Daga baya ta shigo gari, ta yi tashe ƙwarai a shekarun 1930. Amma tana cin yadi, har ma a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta hana teloli ɗinka ta don a yi tsimin yadi. Wanda yake son ganin yadda ake sa ta, ya dubi hotunan Sarki Charles na Uku na Ingila.

Gane ta ba wuya. Wadda aka fi sani tana da maɓalli shida, amma biyu kaɗai ke da kafa, sauran ado ne. Kunnuwan wuyanta suna da tsini, sun kalli sama. Akwai kuma wani maɓalli a ɓoye daga ciki, wanda yake riƙe gefen da aka rufe don kada ya zazzago.

Ni dai a hutun da ya wuce na san waɗannan abubuwa. An kira yayana ganawar neman aiki, Baba ya sayar da rago ya ba shi kuɗin tufafi. Kuɗin na kwat ɗaya ne tak, ba damar a saya a sake. Sai muka roƙi wani tsohon tela maƙwabcinmu ya raka mu wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, a Kano. Yaya ya ɗauki wata mai ƙyalli yana murna. Tsohon ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ɗana, ajiye ta. Hannu ina iya rage shi, ciki ina iya tsuke shi, amma kafaɗa in ta yi yawa ta yi ke nan."

Watau kafaɗa ake fara dubawa: ɗinkinta ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Sannan ka ɓalla maɓallan, har da na cikin, ka tsaya sosai. In yadin ya yi tattara a wajen maɓalli, ta matse ka. In ƙirjin ya buɗe baki ya rabu da jikinka, ta yi maka yawa. Tsawonta ya rufe mazaunai, hannunta kuma ya bar bakin hannun taguwa ya ɗan leƙo.

Ana cewa wai gajere ko mai ƙiba bai kamata ya sa ta ba. Ban yarda ba. Yayana gajere ne, amma da aka samo masa mai maɓalli huɗu, wadda wuyanta ya gangaro har kusa da ƙugu, sai ya zama kamar an ƙara masa tsawo. Launinta shuɗi ne mai duhu, ba zane ko ɗaya, domin manyan zane suna ƙara wa mutum faɗi.

Abu guda ne ba na so game da ita. Ba a barin ta a buɗe in ana tsaye, sai gaban ya riƙa lilo kamar labule. To, ga ƙirji ninki biyu, ga zafin bazara irin namu! Shi ya sa tsohon ya riƙa ɗaga kowace kwat yana duban takardar da ke cikinta, yana neman ulu marar nauyi, yana ture mai yadin roba gefe. Rage hannun da guga kuwa bai karɓi ko kwabo ba.