Kaza da 'Ya'yanta Ba Sa Shiga Ƙaramin Akurki

'Yan uwa, duk wanda ya tashi sayen madubin hangen taurari, abin da ke fara sace masa ido shi ne lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali: wani ya ce yana girmama abu sau 525, wani ya ce sau 675. Wannan lamba ita ce tarkon. Tunda maƙwabta a nan Walia suka san ina da ɗan madubi, iyaye kan tambaye ni wane gilashi za su ƙaro wa 'ya'yansu don ya ƙara ƙarfi. Amsata kullum ɗaya ce: ku fara da mai rauni, domin shi ne zai nuna muku sama.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane madubi yana da lambobi biyu a jikinsa: faɗin bakinsa, da nisan da haske ke tafiya a cikinsa kafin ya tattaru wuri guda. Nawa bakinsa milimita 70 ne, nisansa milimita 700. Ɗan gilashin da ake sa ido a leƙa, wanda ake cirewa a sauya, shi ma yana da tasa lambar. Sai a raba nisan madubi da lambar gilashin leƙe. Mai lamba 25 zai ba ni ninki 28, mai lamba 10 zai ba ni 70. Wato ƙaramar lamba ce ke kawo babban ninki. Akwai kuma wani bututu, Barlow, da ya ci sunan Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. Idan aka sa irinsa mai ruɓanyawa biyu, 28 ta koma 56, 70 ta koma 140.

A nan ne iyaka take. Baki ne ke tara haske, gilashin leƙe shimfiɗa shi kawai yake yi. Ƙa'idar da masu wannan sha'awa ke bi ita ce ninki kada ya wuce faɗin baki sau biyu. Madubi mai baki 70 ya tsaya ke nan a 140. Abin da ya haura haka kamar ƙara ruwa ne a kunun da bai da gari: kwano ya cika, amma babu abin sha. Hoto zai yi girma, ya yi duhu, ya dushe.

Ko 140 ɗin ma sai sama ta yarda. Mu da ke kudancin kogin Shari mun san halin samaniyarmu. Da hunturu iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta lulluɓe N'Djamena har rana ta zama kamar faifai. Da bazara zafin da ƙasa da kwanon rufi suka sha da rana yana tashi da dare, sai taurari su riƙa rawa a cikin madubi. Babban ninki yana girmama wannan rawa tare da tauraron. Ga kuma juyawar duniya: a ninki 140, kafin ka kira yaro ya zo ya leƙa, abin da ka saita ya kusa ficewa. Daren da ya fi kyau a wajenmu shi ne na ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke sama, musamman idan an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu.

Abin da ya fi damuna ya wuce lissafi. 'Ya'yanmu suna tashi da Larabcin Cadi a titi da Faransanci a makaranta, kuma babu laifi a cikin haka. Amma nawa ne daga cikinsu suka san Zara matar wata, ko Gamzaki mai fitowa da asuba, ko Kaza da 'ya'yanta? Waɗannan sunaye kakanninmu suka taho da su daga ƙasar Hausa, a hanyar fatauci da ta aikin hajji. Suna yana rayuwa ne idan an nuna wa yaro abin da ake kira da shi. To, Kaza tana da faɗi a sama, kusan ninki huɗu na faɗin wata. A ninki 28 takan kusa shiga gilashi gaba ɗayanta, yaro ya ga 'yan tsaki da dama waɗanda ido bai taɓa ƙirgawa ba. A ninki 140 kuwa wata ma ba ya shiga duka, balle ita. Sai yaro ya ga ɗigo biyu ko uku a cikin baƙi, ya ce ina kazar?

Kada kuma a raina ƙaramin ninki. A Janairun 1610 Galileo ya gano watanni huɗu masu kewaya Mushtari da madubin da ƙarfinsa bai wuce kimanin sau 20 ba. Da gilashi mai lamba 25 za ka gan su jere kamar 'yan rakiya, ka ga ramukan wata. Da mai lamba 10 zoben Zuhal zai fito sarai. Haka mai neman jinjirin watan azumi: fili mai faɗi yake bukata, shi ya sa madubin hannu mai ido biyu, irin 7x50 ko 10x50, ya fi masa amfani. Sanarwa dai ta Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ce, namu kallo ne da tasbihi.

Shawarata ga mai 'yan sefa kaɗan: ka mallaki gilashi biyu masu kyau, 25 da 10, irin Plössl idan ka samu. Ka auna ramin da ake zura su tun kafin ka aika a sayo, domin akwai mai inci 1.25, akwai tsohon yayi mai 0.965, kada ka yi cinikin biri a sama. Barlow ya jira sai hannu ya saba. Sauran kuɗin ka gyara ƙafafun da madubin ke tsayawa a kai, don mai girgiɗi ba ya nuna komai.

Gargaɗi ɗaya ba na sassautawa a kansa. Wasu kwalaye na zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gilashin leƙe wai don kallon rana. Zafi na iya fasa shi farat ɗaya, ido ya tafi ba dawowa. A jefar da shi, kuma kada a bar yaro da madubi sai rana ta faɗi ƙurmus.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Kaza na hawowa kusan tsakar ka da dare, inda ƙura ta fi sauƙi. Ku fito da yara tsakar gida, ku nuna musu ita da yatsa tukuna, ku faɗi sunanta da Hausa, sannan a leƙa. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana idanunmu.